Shif na awa 12, biyan awa 11: haka ake yi a gidajenku?

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu aikin gidan tsofaffi a nan Ingila, ina son in ji yadda ake yi a wurarenku. Shif ɗinmu daga 8 na safe ne zuwa 8 na dare, amma a takardar albashi awa 11 ake rubutawa, wai awa ɗaya ta hutu ce. To hutun nan sunansa kawai muke ji. Da na zauna na buɗe kular abinci sai ƙararrawar da tsofaffi ke kiranmu da ita ta fara kuka, kuma mu biyu ne a hawan sama da tsofaffi 16. Idan abokiyar aikina tana banɗaki da wani, wa zai amsa? Sannan dole mu iso 7:45 mu karɓi bayani daga masu aikin dare, shi ma ba a biya. Fam 12.21 ake ba ni a awa. Na yi wa manaja magana ta ce ko'ina haka ake yi. Da gaske ne? Ina tsoron matsawa, don su suka ɗau nauyin bizata.

Ummi Gilasgo:
Wa alaikumus salam. Cire awar hutu kam kusan ko'ina ne, mu ma ana cirewa. Amma mu ana barinmu mu fita daga hawan gaba ɗaya, a ajiye wayar ƙararrawa a hannun wata.

Baban Sadiq:
Maman Walida, abu biyu kika haɗa, bari mu raba su.

Na farko, hutu. Doka ta ce duk wanda zai yi aiki fiye da awa 6 yana da haƙƙin hutun minti 20 a jere, ba tare da an katse shi ba, kuma yana iya barin inda yake aikin. Dokar ba ta tilasta a biya kuɗin hutun ba, saboda haka cire shi ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa ne idan an cire kuɗin amma ba a ba ki hutun ba. Idan kina cin abinci kina tashi amsa ƙararrawa, ai aiki kike yi.

Na biyu, minti 15 ɗin safe. Wannan babu ja a kansa, aiki ne, tunda su suka ce ki zo. Kuma ki lura da kyau: fam 12.21 shi ne mafi ƙarancin albashi na doka ga mai shekara 21 zuwa sama daga Afrilun 2025 zuwa Maris 2026. Kina kan layin daidai. Ko minti biyar aka sa ki aiki ba a biya ba, lissafinki ya faɗo ƙasa da abin da doka ta yarda. Shif huɗu a mako, minti 15 kowanne, awa guda kenan. A shekara ya haura fam 600. Ba a ma sa awar hutun da ba kya samu ba. Haka kuɗin yunifom, idan sun cire daga albashi shi ma yana ja ki ƙasa da layin.

Hukumar haraji ta HMRC ce ke bin irin wannan, tana iya komawa baya har shekara 6, kuma ban da biyan bashin akwai tara a kan kamfani.

Maman Walida:
Ikon Allah. Wallahi har yunifom biyu suka cire mini a watan farko.

Anti Binta:
Ƙanwata, kafin ki kai ƙara ko'ina, ki sayi ƙaramin littafi. Kullum ki rubuta lokacin da kika shiga, lokacin da kika fita, hutu nawa kika samu, ƙararrawa nawa kika amsa a cikinsa. Na'urar ƙararrawar ma tana ajiye nata tarihin, kuma wayar da kuke shigar da bayanan kulawa tana nuna sunanki da lokacin da kika canza wa wane ƙunzugu. Idan ta nuna kin yi aiki 1:20 alhali rota, wato jadawalin aiki, ta ce kina hutu daga 1 zuwa 2, su da kansu suka ba ki shaida.

Kuma kada ki je ke kaɗai. Ki haɗa kai da 'yan Indiya da 'yan Zimbabuwe da Turawan da kuke aiki tare, ku rubuta wasiƙa ɗaya. Baturiyar da ba ta da matsalar biza ita za ku sa a gaba. Sannan ki shiga ƙungiyar ƙwadago, UNISON ko GMB, tun kafin rigima ta taso, don ba kasafai suke tsaya wa mutum a kan matsalar da ta riga shigarsa ba. ACAS ma, hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, suna ba da shawara kyauta.

Alhaji na Kaduna:
Ku yi haƙuri da ni, ni ɗan kallo ne a wannan zaure, ɗana ya sa ni ciki. Amma gaskiya ina karanta ku ina mamaki. Fam 12 a awa ɗaya, fam kuma yana kusan naira dubu biyu. Abin da yarinyar nan take samu a awa uku ya kai mafi ƙarancin albashin Najeriya na wata guda, naira 70,000. Ana rigima a kan minti goma sha biyar? Akwai masu digiri biyu a nan suna tuƙa adaidaita. Da babu gara ba daɗi. Ku gode wa Allah ku riƙe aikinku.

Ummi Gilasgo:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Muna godiya ga Allah dare da rana. Sai dai mai gidan haya a nan ba ya karɓar naira.

Baban Sadiq:
Ranka ya daɗe, bari in ɗora maka lissafin a faifai. Wanda aka ba takardar ɗaukar nauyin biza daga 9 ga Afrilun 2025, mafi ƙarancin da za a rubuta masa fam 25,000 ne a shekara, wato fam 12.82 a awa. Fam 12,570 na farko babu haraji. Sauran a cire kashi 20 na haraji, a cire kashi 8 na inshorar ƙasa. Abin da zai shigo hannu bai kai fam 1,800 a wata ba, kafin a cire fansho. Ni da iyalina a Bamingam haya kaɗai tana cin fiye da rabin wannan. Sai harajin ƙaramar hukuma, sai wuta da gas a wannan sanyin, sai kuɗin bas. Kuma a bizarmu an rubuta ba mu da haƙƙin tallafin gwamnati, irin wanda Baturen da muke aiki kafaɗa da kafaɗa yake karɓa ya cike giɓin haya da na yara. Abin da ya rage shi ake rabawa da Kaduna da Kano, don duk wanda ya yi lissafi irin naka ya riga ya turo lambar asusunsa.

Alhaji na Kaduna:
To ai ba wanda ya tilasta muku. Ni abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Yarinya ta bar uwarta a Tudun Wada tana fama da ƙafa, ta tafi tana wanke kashin tsofaffin Turawa da 'ya'yansu suka jefar. Mu a al'adarmu ba ma kai iyaye gidan gajiyayyu.

Anti Binta:
Alhaji, da girmanka, wannan maganar ba zan bari ta wuce ba.

Na daɗe a aikin nan tun kafin a buɗe bizar a Fabrairun 2022, kuma yawancin waɗanda na kula da su ba jefar da su aka yi ba. Akwai tsohuwar da ke hawanmu, gigin tsufa ya kama ta. Da la'asar ta yi sai ta sa kot ɗinta, ta ɗau jaka, ta tsaya a bakin ƙofa wai za ta ɗauko yara daga makaranta. Yaran nan ƙaraminsu ya haura sittin. 'Yarta ta riƙe ta a gida har sai da aka tsince ta a bakin titi da rigar barci cikin dare. Yanzu kullum 'yar tana zuwa, ita ke taje mata kai, wani lokaci uwar ta tambaye ta ko ita ce sabuwar nas. Ba na ce wa tsohuwar yaranki sun girma, don kuka za ta yi kamar yau ta fara ji. Sai in ce mata motar makaranta ta makara, zo mu sha shayi kafin ta iso. Shayin ma sai na zuba masa garin da ke sa shi kauri, don maƙogwaronta ba ya riƙe ruwa tsinkakke, zai iya wucewa huhu.

Wannan shi ne aikin. Wanka da canza ƙunzugu suna ciki, ban musa ba. Amma akwai juya mara lafiya duk bayan awa biyu ko huɗu don kada gyambon kwanciya ya fito, akwai duba fata, akwai auna ruwan da ya sha, akwai raba magani ga babbar ma'aikaciya irina, wanda kuskure ɗaya a cikinsa zai iya kai mutum gaban hukuma. Akwai zama da mai cikawa idan danginsa ba su iso ba. Sai ka ga tsofaffin ma'aikata Turawa sun buɗe taga bayan mutum ya rasu, wai ransa ya samu hanyar fita, ni kuma ina gefe ina nawa innalillahi a zuci. Duk wannan, abin da ya raba albashina da na yarinyar da ta fara jiya bai kai fam ɗaya da rabi a awa ba. Babban kanti da ke ƙasan layinmu yana biyan mai jera kaya abin da ya fi na sabuwar ma'aikaciyarmu.

Batun al'ada kuma, mu faɗa wa juna gaskiya. A gida wa ke wanke tsohuwar? Ko suruka ce da ba a taɓa ce mata sannu ba, ko 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye ana ba ta abin da bai kai kuɗin katin wayar mai gidan ba. Ba mu da gidan tsofaffi, amma muna da masu kula da tsofaffi, ba ma biyansu ne kawai.

Hajiya Kumasi:
Anti Binta kin gama magana. Mu ma a zango haka ne, jika mace ake cirewa daga makaranta ta zauna da kaka.

Alhaji na Kaduna:
Hajiya Binta, na ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ban janye maganar uwa ba.

Maman Walida:
Alhaji, kuɗin wankin ƙodar mahaifina daga wannan aikin yake fita. Da ina Kano da sai dai in zauna kusa da shi mu yi ta kallon juna.

Admin:
Jama'a a sassauta. Alhaji babanmu ne. A koma kan batun albashi.

Malam Habu:
Ni mataimakin manaja ne a wani gida, na san za ku ce na zo kare masu gida, amma ku saurara. Minti 15 ɗin Maman Walida a biya ta, babu wata magana. Mu muna biya. Amma masu cewa a ninka albashi su tambayi daga ina kuɗin ke zuwa.

Tsoho a Ingila idan dukiyarsa ta haura fam 23,250, shi zai biya wa kansa. Wanda bai kai ba ƙaramar hukuma ke biya masa, kuma ita ke yanka farashin, ba mu ba. Hukumar kula da gasar kasuwa ta yi bincike a 2017 ta gano masu biya da kansu suna biyan kusan kashi 41 cikin ɗari sama da abin da ƙananan hukumomi ke biya a gida ɗaya, ɗaki iri ɗaya. Wato tsohuwar da ta sayar da gidanta ita ke tallafa wa ta kusa da ita. Gidan da ke unguwar talakawa, wanda kusan duk mazaunansa na ƙaramar hukuma ne, da ƙyar yake numfashi. A Afrilun 2025 an ɗaga kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata ke biya zuwa kashi 15, an kuma sauko da inda ake fara biya zuwa fam 5,000. A wata ɗaya da ƙarin albashi. A Afrilun 2026 mafi ƙarancin albashi zai koma fam 12.71. Duk shekara ƙasan yana hawowa, kuɗin hukuma ba ya biyo shi daidai, sai a matse na sama. Shi ya sa Anti Binta take ganin tazararta da sabuwar yarinya tana ƙanƙancewa.

Baban Sadiq:
Malam Habu, rabin gaskiya ka faɗa. Ƙaramin gida na miji da mata, na yarda. Manyan kamfanonin fa? Southern Cross ya durƙushe a 2011 da gidaje kusan 750, saboda an sayar da gine-ginen an dawo ana hayarsu, hayar tana hawa kowace shekara. Four Seasons ya faɗa hannun masu kula da bashi a 2019 da tulin bashin da masu zuba jari suka ɗora masa. Kuɗin yana shigowa, kafin ya iso hannun mai wanka ne ake yashe shi ta haya da ruwan bashi. Kuma ka faɗa wa mutane cewa CQC, hukumar da ke duba gidajen tsofaffi, ba ta da wata lamba da ta ce ma'aikaci ɗaya ga tsofaffi kaza. Dokar cewa kawai ta yi a samu isassun ma'aikata. Wa ke yanke isassun? Mai biyan albashi.

Malam Habu:
Akwai ma'aunin da muke amfani da shi, gwargwadon buƙatar kowane mazauni.

Baban Sadiq:
Ma'aunin ya taɓa ce muku ku ƙara mutum a dare? Ni dare nake yi. Mu biyu da nas ɗaya a ƙasa. Na'urar ɗaga mutum ƙa'idarta mutum biyu, haka aka koya mana, haka muka sa hannu. Ƙarfe uku na dare abokin aikina yana ɗakin wanda ya faɗi, wani kuma ya jiƙe sharkaf yana kira. Ko in bar shi cikin fitsari a rubuta na yi sakaci, ko in ɗaga shi ni kaɗai a rubuta na karya ƙa'ida. Kowanne na zaɓa sunana ne a takarda, ba sunan wanda ya tsara rota ba.

Ummi Gilasgo:
Wannan haka yake. Bayana ya riƙe a bara, likita ya ce in kwanta. Kwana ukun farko ko sisi, daga nan sai kuɗin jinya na doka. Daga Afrilun 2025 zuwa Afrilun 2026 ma fam 118.75 ne a mako. A mako fa, ba a rana ba. Shi ya sa za ka ga mutum yana tari ya sa takunkumi ya shigo cikin tsofaffi masu shekara casa'in, don ba zai iya asarar shif ba. 'Yar uwata da ke asibitin gwamnati na NHS ana biyanta cikakken albashi idan ta kwanta, dare da ƙarshen mako kuma akwai ƙari. Mu ranar Kirsimeti ma sai gidan da ya ga dama, doka ba ta tilasta ƙari ba.

Abu ɗaya da Sikotilan ta fi ku: a 2025 gwamnatin nan ta sa kuɗi don kada mai kula da manya ya gaza fam 12.60 a awa. Ba yawa, amma ya fi 12.21.

Malam Habu:
Batun kwana ukun zai canza. Sabuwar dokar haƙƙin ma'aikata ta ce daga Afrilun 2026 kuɗin jinya zai fara daga ranar farko. Kuma a cikinta akwai majalisar da za ta zauna tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu gidaje ta yanke albashin wannan fanni. A 2025 ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya sanar da fam miliyan 500 domin yarjejeniyar farko, a 2028.

Baban Sadiq:
Ka raba miliyan 500 ga ma'aikata sama da miliyan ɗaya da rabi. Fam ɗari uku da 'yan kai kowane mutum a shekara. Bai kai abin da ake cin Maman Walida a minti 15 ɗinta ba.

Hajiya Kumasi:
Tambaya: wasu lokuta ana sa ni kwana a gidan, wai in yi barci a ɗakin ma'aikata, idan an buƙace ni a tashe ni. Kuɗi ƙayyadadde suke bayarwa na daren gaba ɗaya, ba na awa ba. Halal ne a doka?

Anti Binta:
Hajiya, abin takaici halal ne. Kotun ƙoli ta yanke a Maris 2021, a shari'ar ƙungiyar agaji ta Mencap, cewa awannin da aka ba ki wurin kwanciya kina barci ba sa cikin lissafin mafi ƙarancin albashi. Amma duk lokacin da aka tashe ki kika yi aiki, wannan dole a biya shi da awa. Ki riƙa rubutawa. Idan kuma kusan duk daren a tsaye kike, to ba kwana ba ne, aikin dare ne aka canza wa suna.

Auwal:
Salam. Na daɗe ina karantawa ban taɓa magana ba. Ku kuna rigimar minti 15, ni awa nake nema. Ejan a Abuja ya karɓi kuɗin da sai da aka sayar da filin gado kafin a haɗa. Takardar ta ce awa 39 a mako. Da na iso sai na tarar ofis ne ɗaki ɗaya a saman shago, ba su da gidan tsofaffi ko ɗaya, sai su tura ka wani gida idan an rasa mutum. Wani mako shif ɗaya, wani mako babu. Yanzu an soke lasisinsu na ɗaukar nauyin biza, wasiƙar ofishin harkokin cikin gida ta iso, kwana 60 aka ba ni in samu wani mai ɗaukar nauyi ko in bar ƙasar. Wani ya ce zai sayar mini da sabuwar takarda. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Anti Binta:
Innalillahi. Auwal ɗana, kada ka ba kowa ko fam ɗaya. Sayar da takardar nan haramun ne a dokarsu, kuma wanda ya sayar maka gobe shi ma lasisinsa za a soke, ka koma inda ka fito. Kuɗin takardar a wurin gwamnati fam 525 ne, kuma tun ƙarshen Disambar 2024 an hana kamfani ɗora wa ma'aikaci shi. Dokar ƙasar nan ta hana ejensi karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki don ta samo masa aiki.

Ba kai kaɗai ba ne. Gwamnati da bakinta ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisi sama da 470 a wannan fanni, kuma ma'aikata sama da 39,000 ne ke da alaƙa da waɗannan kamfanoni. Saboda haka aka kafa cibiyoyi a kowane yanki na Ingila da ke haɗa irinku da gidajen da ke da lasisi na gaskiya, kyauta. Ka duba saƙon da aka turo maka, yawanci ana sa adireshin cibiyar yankinka a ciki. Ka rubuta musu yau, ba gobe ba. Abin da aka yi maka kuma ka kai shi ga hukumar gwamnati da ke bin masu cin zalin ma'aikata.

Malam Habu:
Ƙari a kan na Anti: tun 22 ga Yulin 2025 an rufe ɗauko masu wannan aiki daga waje kwata-kwata. Wanda ke ciki zai iya sabuntawa ko ya canza gida. Wannan ya taimaki irin su Auwal, don mu yanzu ba mu da inda za mu nemo mutum sai cikin ƙasa. Kuma don Allah ku gaya wa 'yan uwa a gida: duk ejan da ya ce zai kawo mutum Ingila aikin kula da tsofaffi yanzu, ɓarawo ne. Ƙofar a rufe take.

Alhaji na Kaduna:
Subhanallah. Makon jiya wani ya zo wa ɗan ƙanena da wannan maganar, har ya nuna masa takarda mai tambari. Bari in kira uban yanzu.

Maman Walida:
Kun ga abin da nake tsoro kenan. Idan na kai ƙara HMRC suka zo suka tono wasu abubuwan aka soke lasisin gidanmu, mu goma sha ne za mu koma kamar Auwal. Wanda ya yi laifi ya rufe kamfani ya buɗe wani, mu ne za a ba kwana 60.

Baban Sadiq:
Nan ne gizo ke saƙa. Bizar a hannun mai gida take, ba a hannunki ba. UNISON ta daɗe tana neman a cire ɗaukar nauyin daga hannun kamfani ɗaya a mayar da shi na fannin gaba ɗaya, yadda mutum zai ajiye aiki yau ya kama wani gobe. Har yanzu ba a yi ba. Da can muna cewa a daure shekara biyar a samu takardar zama ta dindindin a huta. A Nuwamban 2025 ministar cikin gida Shabana Mahmood ta fito da shawarar mayar da shi shekara 10 ga yawancin mutane, masu irin aikinmu kuma har 15. A matsayin shawara ta fito, aka ba jama'a zuwa Fabrairun 2026 su faɗi ra'ayinsu. Amma ki ɗauka ta tabbata: shekara 15 manaja tana riƙe da wuyanki. Lokacin da guraben aikin nan suka kai 165,000 babu masu yi, su suka buɗe ƙofa suka kira mu.

Anti Binta:
Shi ya sa na ce wasiƙar haɗin gwiwa tukuna, cikin ladabi, da lissafi a jiki. Manaja mai hankali ta san gyara minti 15 ya fi mata sauƙi a kan baƙi daga HMRC. Kuma ƙanwata, ba a ɗaure kike kamar da ba. Ki fara neman wani gidan a ɓoye, ki samu sabuwar takarda, ki nemi canjin biza, sai ta fito sannan ki ajiye aiki. Ki duba kwantiraginki ko akwai sharaɗin biyan kuɗi idan kin tafi da wuri. Wasu suna rubuta dubbai don tsoratarwa, alhali ƙa'idar gwamnati ta ce ya zama kuɗin da suka kashe da gaske, kuma ya riƙa raguwa da daɗewarki. Ki kai wa ƙungiya su karanta miki.

Ummi Gilasgo:
Tunda azumi ya matso: ku da kuka yi musu Kirsimeti da sabuwar shekara, yanzu ne lokacin zuwa wurin mai rota a nemi ranar Sallah, tun ba su manta ba. Ni na koma dare na watan gaba ɗaya, in sha ruwa a gida, in yi sahur a ɗakin ma'aikata. Wankan safe na mutum takwas da azumi a baki, ga hita a kunne ko'ina, ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya Kumasi:
Auwal, wane gari kake? Gidanmu na neman namiji na dare, don akwai tsofaffi maza da ba sa yarda mace ta yi musu wanka. Suna da lasisi, ni suka ɗau nauyina. Matsalar a ƙauye yake, bas na ƙarshe 6 na yamma. Kana tuƙi?

Auwal:
Ina Lesta, Hajiya, amma ko'ina ne zan zo. Ina da lasisin tuƙi na Najeriya.

Baban Sadiq:
Na Najeriya wata 12 kawai yake aiki daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa da na nan. Idan ka wuce shekara sai ka nemi na koyo, ka yi jarrabawar kwamfuta, sannan ta hanya, kuma layin ta hanyar yana da tsawo. Kada ka jira shi. Hajiya, ki tambaya ko akwai mai ɗaki a ƙauyen ko wani ma'aikacin dare da zai riƙa ɗaukarsa su raba kuɗin mai. Auwal, ka tura mata takardunka ta akwatin sirri, har da shaidar DBS ta binciken tarihin laifi da ta horon ɗaga marasa lafiya idan kana da su.